Buhun Toka daga Argungu

Shekara bakwai na yi ina ɗauke da sunan mai mugun hannu a gidanmu. Ba hannun ɗauke-ɗauke ba, Allah ya kiyaye. Hannun da aka ce in ya taɓa tukunyar sabulu sai sabulun ya tsinke. A wani gidan wannan abin dariya ne, a tsokane ka a wuce. A namu gidan kuwa daidai yake da a ce ɗan masunci yana tsoron ruwa.

A Argungu aka haife ni, a wani gida da ba shi da nisa da gulbi. Babanmu da ƙannensa suna noman shinkafa a fadama da gero a tudu, in ruwa ya ja baya kuma su ɗauki homa da gora su koma kamun kifi. Innarmu sabulun salo take yi, baƙin nan da ake dunƙulawa curi-curi. Wurin uwarta ta gada, ita ma uwar wurin tata. Masu yin sabulu suna da yawa a garin, amma na Inna yana da abu guda da ya fitar da shi: yana cire ƙarnin kifi daga tufafi. Duk matar da ta auri masunci ta san abin da nake nufi. Sai ki wanke riga sau uku, ki shanya, ta bushe ƙayau, maigida na sa ta ya yi gumi ƙarnin ya dawo sabo. Da sabulun Inna wanki ɗaya ne. Mata kan kawo mata mansu na kaɗanya a ƙwarya, ta haɗa ta yi musu, su zo su ɗauki rabonsu.

Mu biyu ne 'ya'yanta mata da suka rayu, Yaya da ni auta, tsakaninmu shekara shida. Ni aka sa a boko, kuma tun ban gama wayo ba na tafi makarantar kwana. Yaya ta zauna gida a gindin Inna, da aka yi mata aure ma gida uku ne tsakaninta da mu. Ita ta goye ni, ita take yi mini kitso in na zo hutu, ita take ƙulla mini ƙuli-ƙuli da busasshen kifi a tsumma ranar komawa. Na faɗi wannan tun yanzu don kada a ɗauka da maƙiyiya nake zance.

In na zo hutu ina ganin yadda ake aikin. Akwai wata tsohuwar tukunya mai huji-huji a gindi, ta kakarmu. A shimfiɗa ciyawa a cikinta, a cika ta da toka, a ɗora ta a kan duwatsu uku, a dinga zuba ruwa kaɗan-kaɗan yana tsiyaya cikin kasko. Ruwan tokar nan ja-ja yake fitowa kamar shayin da ba madara. Inna takan tsoma ɗan yatsa ta ɗiga a bakin harshe. In ta yamutsa fuska ta tofar, to ya yi. Daga nan a dafa shi har ya ƙone ya ragu, a zuba mai, a kama juyi da muciya, ana juyi ana juyi har kafaɗa ta mutu. Sai ka ga ya yi kumfa ya taso, ya faɗa, ya yi duhu, ya fara riƙe muciya. Inna ta ce, "Ya kama." Wannan kalma a gidanmu ta fi guɗa daɗi.

Abu ɗaya ne ban taɓa gani ba, shi ne ƙona tokar. A gona ake yi bayan an yanke gero, a tara kara a cinna masa wuta, a lokacin kuma ina makaranta. Ni dai na san toka a buhu, tankaɗaɗɗiya, an jingine ta a ɗakin ajiya. A wurina toka toka ce.

Da na gama karatu aka tura ni koyarwa a wata firamare a Birnin Kebbi, can na yi aure, muka zauna a gidajen ma'aikata. Lokacin muna jihar Sakkwato, Birnin Kebbi gari ne mai barci da wuri, takarda ko ta canjin aji ce sai ta je Sakkwato ta dawo. Sai aka shiga shekarun nan na tsuke bakin aljihu da kaya suka ɓace daga kantuna. Omo ya zama abin da ake bin layi a rana a kansa, a ƙarshe a ce ya ƙare. Ina da yara biyu ƙanana, ga fararen kayan maigidana na ofis, ga allin da ke cin gefen mayafina. Wata rana a layin wata maƙwabciyata ta dube ni ta ce, "Ke kuma mi kika yi nan? Ba ke ta ɗiyar masu sabulu ba?" Aka yi dariya. Ni ban yi ba, don maganar ta soke ni.

Hutu na zuwa na tafi Argungu na durƙusa gaban Inna na ce ta koya mini. Ban taɓa ganin ta yi murna irin ta ranar ba. Ta tafa hannu, ta kira Yaya ta katanga, ta ce, "Taho ki ji, Auta ta tuna gida. Malama za ta riƙa muciya." Kwana uku muka yi muna aiki. Na ɗauko littafi da biro ina rubuta komai, gwangwani nawa na toka, ludayi nawa na mai, su biyun suna ta yi mini dariya. Da aka zo ɗanɗana ruwan toka na noƙe, na ce ni ba zan sa wannan abu a bakina ba. Inna ta ce, "To ki riƙe dai, in ya ciji halshe ya yi." Na rubuta: in ya ciji harshe ya yi. Sabulun ranar ya kama, amma hannun Inna na kan muciyar tare da nawa.

A lokacin gwiwoyin Inna sun fara ba ta wahala, ɗakin ajiya ya koma hannun Yaya. Da zan tafi Inna ta ce mata, "Can ba su da gona, risho suka girki da shi. Ki riƙa aika mata toka, kada ta ɗebo ta mutane, ba a san abin da sunka ƙona ba." Yaya ta ce, "Wanga ai aikina na, Inna." Bayan mako biyu direban motar kasuwa ya sauke mini buhu a ƙofar gida, an ɗinke bakinsa da kaba, ɗinkin Yaya da na sani ko a mafarki.

Na sa aka huda mini tukunya, na sami man kaɗanya mai kyau, na zaɓi ranar Asabar. Maƙwabta mata uku suka zo kallo. Na bi littafina layi-layi. Ruwan ya tsiyayo, na daure na ɗiga a harshe, na ji ɗan yaƙi-yaƙi da gishiri-gishiri, na ce to, ga cizon nan. Na dafa, na zuba mai, na yi ta juyi tun hantsi har la'asar. Bai kama ba. Mai ya taso sama yana kallona, ruwa ya kwanta ƙasa, tsakaninsu wani abu kamar kunun da ya kwana. Matan suka ce sannu, suka sulale ɗaya bayan ɗaya.

Na zuba shi a kwano na kai Argungu. Inna ta duba, ta shinshina, ta yi mini tambayoyi, na amsa duka daidai.  Yaya tana gefe tana tsinke zogale, ba ta ko ɗago kai ba ta ce, "Inna, ko dai hannu na?"

"Wane irin hannu?"

"Irin na gwaggon ga taku da kika ba mu labari, wadda in ta gitta wurin tukunya sabulu shi tsinke."

Inna ta ce, "Kai, a'a. Hwarin koyo na. Ta sake."

Na sake. Sau nawa na sake, ni ma ban riƙe ba. Ni mutum ce mai kafiya, in aka ce ba zan iya abu ba to an ɗaure ni da shi ke nan. Na canja mai, na bar na kaɗanya na koma na gyaɗa, na gwada kitsen shanu. Na ce ko ruwan rijiyarmu ne, na ɗauko ruwan gulbi a jarka tun daga Argungu, yana zuba a ƙafafun fasinjoji suna zagina. Na canja tukunya, na canja itace, na roƙi tsohuwar muciyar Inna. Na bar Asabar na koma Lahadi. Komai na canja ban da toka. Wa zai zargi toka? Daga gonar ubana take, ta hannun 'yar'uwata. Duk bayan 'yan watanni buhu zai iso, a samansa kuma Yaya takan ɗora curi biyar ko shida na nata sabulun a ƙulle cikin ganye, da saƙo a bakin direba: "Ta ce ki yi wanki da wanga kahin naki shi kama." Ni kuma in zauna in ji daɗi ina da 'yar'uwa. Da sallah in saya mata turmin atamfa, in zaɓi wadda ta fi tawa kyau.

A shekara ta uku Inna ta daina cewa farin koyo ne. Ba ta taɓa furta cewa hannuna ne ba, amma ta daina musawa in an faɗa. Maganar ta fita daga gida ta shiga unguwa. Na roƙa a bar ni in gwada tukunya ɗaya a nan gabansu, ni kaɗai. Inna ta so ta yarda, Yaya ta ce, "Man mutane na hwa, Inna. In ya ɓaci mi za mu ce musu?" Gaskiya ce kuwa, mai ya yi wuya a shekarun. Daga nan aka fara wata al'ada. In zuwana ya dace da ranar sabulu, sai a shimfiɗa mini tabarma can gindin darbejiya, nesa da murhu. "Malama, zamna inuwa, hayaƙi ba shi yi miki." Haka ake faɗa, da fara'a, har a kawo mini fura. Ina zaune kamar baƙuwa ina hangen uwata da yayata da 'ya'yan maƙwabta suna karɓa-karɓar muciya. Yarinyar da aka haifa a gabana tana da izinin tsayawa inda ni ba ni da shi. Na sha juya fuska ga katanga in share hawaye, in ce hayaƙin ne ya biyo ni.

Abin da ya fi ci mini rai yanzu in na tuna shi ne na yarda. Ni da nake tsayawa gaban allo ina koya wa yara cewa kowane abu yana da dalili, na yarda hannuna ne. Na kai ga in maƙwabciya tana dama kunun jariri ko tana kwaɓin waina ba na matsawa kusa. Yaya da kanta ta je wurin wani malami ta karɓo mini rubutu, ta ce in sha rabi in wanke hannu da rabi kwana bakwai. Ta kawo shi a kwalba, ta riƙe mini kwano ina wankewa, tana cewa, "Allah shi sa a dace, ƙanwata." Na ce amin, na rungume ta.

A shekara ta bakwai, da damina, ciwon Inna ya kwantar da ita. Na riƙa zuwa duk ƙarshen mako. Wata ranar Asabar da hantsi ina shafa mata man zafi a gwiwa, ta kama hannuna na dama ta juya tafin sama, ta daɗe tana dubawa kamar mai neman ƙaya. Ta ce, "Auta, bar wahal da kanki hakanan. Allah shi ba wani wanga shi hana mishi wancan. Ke alli anka ba ki."

Na ce, "Inna, sai na kawo miki curi guda na hannuna. Ki jira ni."

Ta yi murmushi irin wanda ake yi wa yaro in ya ce zai sayo maka jirgi. Ta ce, "To, ina jira." A ranar ta sa aka ɗauko tukunyar kakarmu mai huji, ta ce ta Yaya ce. Ban yi ƙyashi ba, wallahi. Na ga ai haka ya kamata, me mai mugun hannu za ta yi da ita?

Inna ta rasu ana fara yankan gero. Da sabulun Yaya muka wanke tufafinta kafin a raba.

Bayan arba'in, ina dawowa daga makaranta na tarar da buhu a ƙofa, da ɗinkin kaba, da curi shida a sama. Na ce Allah sarki Yaya, ko a cikin makoki ba ta manta da ni ba. Ban da niyyar sake gwadawa, wa zan kai wa? Amma buhun ya ɗan sha raɓa a mota, sai na zazzage tokar a tabarma a tsakar gida don ta bushe.

A lokacin maƙwabcinmu na jikin katanga an yi masa haihuwa, uwarsa ta zo daga Gulma zaman jego. Tsohuwa ce baƙa, doguwa, manomiya, mai hannu kamar ɓawon itace, ba ta iya zama ba aiki. Ta shigo aron turmi, ta ga toka a shanye, ta sunkuya ta ɗiba ta murza tsakanin yatsu. Ta ce, "Ɗiyata, ɗan sam mini wagga in goge tukwanen surukata, sun yi baƙi ƙirin."

Na ce, "Iya, ba ta goge tukunya ba ce, ta sabulu ce. Daga gida ake aiko mini."

Ta ɗago ta dube ni, ta sake murzawa kusa da kunnenta. Na ji tana ƙaras-ƙaras kamar yashi. Ta ce, "Wagga? Sabulu?" Ta kece da dariya har tana dafa gwiwa. "Wagga ai tokar ɓuntun shinkahwa ta. An dai barbaɗa mata ta murhu don ta yi duhu. Ko shekara kika zuba mata ruwa ba ta ba ki abin da za shi kama mai. Wa yab ba ki ita?"

Ɓuntu shi ne ɓawon da ke fita in an casa shinkafa. A garinmu tsibi-tsibi yake a bayan kowane gida, ana ƙona shi don ya rage. Na tsaya ina kallon tabarmar. Na ce, "Iya, ko kuskure aka yi wannan karon?" Na shiga ɗaki na jawo ragowar buhun bara, da wani guntun na shekarar da ta gabace ta da nake toshe ramin ɓera da shi. Ta murza wannan, ta murza wancan. Ta daina dariya. Ta ce, "Dut ɗaya na." Ta sake tambaya wa ya ba ni, na ce yayata, uwa ɗaya uba ɗaya. Tsohuwar ta ɗauki turmi ta fita, ta manta da tokar da ta roƙa.

Washegari ita ta dawo da kanta, ta ce in sa a samo karan gero. Kaka ce, kara na zube a gonakin bakin gari, maigidana ya sa aka kawo dami huɗu a amalanke. Muka ƙona shi da rana a bayan gida a kan tsohon kwanon rufi. Tokar da ta fito laushi gare ta kamar garin tuwo, ba ta ƙara a yatsa. Muka zuba a tukunyata mai huji, ruwa ya fara ɗiga, ja-ja, irin wanda na sani tun ina yarinya, wanda shekara bakwai ban lura nawa bai kai shi ja ba. Tsohuwar ta ce, "Taɓa ki ji."

Na ɗiga a harshe. Wayyo Allah! Kamar an ɗora mini garwashi. Na tofar, na ruga randa, hawaye na zuba. Ashe wannan ne cizon. Da na sa shi a bakina ranar da Inna ta ce in sa, sau ɗaya tak, da babu mai iya yi mini ungulu da kan zabo ko na wata guda. Ƙyanƙyamina na 'yar boko shi ya buɗe ƙofar, wannan laifina ne kuma na ɗauka. Kwana uku ban iya cin yaji ba.

Washegari na dafa ruwan na zuba mai. Tsohuwar ta koma gefe ta zauna, ta naɗe hannu, ta ce ba za ta taɓa muciya ba. Ni kaɗai na juya. Kafin azahar ya yi kumfa ya taso, ya faɗa, ya yi duhu. Sai na ji muciya ta yi nauyi a hannuna. Na san nauyin nan. Na ja, ya riƙe. Tsohuwar ta leƙo ta ce, "Ya kama." Na saki muciyar na zauna a ƙasa daɓas, cikin toka da zanen makaranta, na yi kukan da ban yi ba ranar da aka fita da Inna. Wata biyu kacal. Da wata biyu na makara.

Ranar Asabar na shiga motar Argungu da curi ɗaya a jaka da tokar Yaya ƙulle a gefen mayafi. Duk hanya ina shirya maganganu, kuma Allah ya sani ina da baki. Na same ta a tsakar gidan Inna, nan ta ci gaba da aikin, tukunya na kan wuta, ita kaɗai tana juyi. Ta ce, "A'a, Malama, ba aike ba sanarwa? Bari in kawo miki tabarma."

Na ce, "Bar tabarma, Yaya." Na matsa har gaban murhu, inda rabona da tsayawa shekara huɗu. Na ajiye curin a kan kujerar Inna. Na kwance mayafi na zuba tokar a gefensa.

Ta dubi tokar, ba ta taɓa ta ba. Curin ta ɗauka. Ta shinshina, ta ɓantare gefe da farce, ta tofa yawu a tafi ta murza har ya yi kumfa. Ta ce, "Ya yi. Wuta ta ɗan yi mishi yawa, amma ya yi."

"Shi ke nan abin da za ki ce?"

Ta ci gaba da juyi, don sabulu ba ya jiran kowa. Can ta ce, "Sau ɗaya niy yi niyya. Na hwarko ɗai. Na ce ki ɗan sha wuya kaɗan, kada ki ga abin banza na."

"Sauran shekarun fa?"

"In na aika mai kyau ya kama, sai ki tambayi mi yas sa na hwarko bai kama ba."

"Har rubutu kika kawo mini, Yaya. Kika riƙe mini kwano."

Sai ta ɗago, idonta ja, ban sani ba ko hayaƙi ne. Ta ce, "Ke kina da alli, kina da aiki, kina da miji mai zuwa ofis. In kin taho Inna ta sa a yanka kaza. Baƙo in ya zo, ke aka hwara ba shi labari. Ni mi nika da shi? Wagga tukunya ɗai. Nan ɗai taka kirana ta ce in duba mata. Kin taho da littahi da biro, kwana ukku, za ki ɗauke shi ma ki tahi da shi Birni."

Na ce, "Ai da kin ce in bari, da na bari." Ƙarya nake yi, da ban bari ba, ita ma ta sani. Sai na yi tambayar da ta kawo ni: "Inna ta sani?"

"Ba ta sani ba."

Na so a ce ta sani. Da ta sani, da na ce ta tafi tana sane da cewa hannun autarta lafiya lau yake. Yanzu ta tafi da abin da aka shuka mata, kuma ba motar da ke kai saƙo can. Wannan ne abin da Yaya ta ɗauke mini. Ba man da na zubar ba, ba dariyar maƙwabta ba. Ta bar uwata ta riƙe hannuna tana ba ni haƙuri a kan ciwon da ba ni da shi, ita tana tsaye a bakin ƙofa tana ji.

Na ce, "Abu ɗaya nake so. Ki faɗa wa matan unguwar nan da bakinki cewa ba hannuna ba ne. Ba sai kin ce me kika yi ba."

Sai ga sallama. Wata ƙawar Inna ce, tsohuwa, ta shigo da ƙwaryar mai a kai. Tana ganina tsaye a kan tukunya ta zabura, ta ce, "Subhanallahi! Malama, ja baya hwa, manmu na ciki! Ke kuma kin bar ta ta tsaya nan?"

Na juya na dubi Yaya. Ga curin nan a kan kujera tsakaninmu, da tabon farcenta a jiki. Kalma uku ta ishe ta: ba hannunta ba. Na jira. Ta sunkuyar da kai cikin tururi, ta gyara itace da ƙafa, ta ci gaba da juyi.

Ina iya ɗaukar curin in ɗaga shi sama in tara mata unguwa. Bakina ya cika da maganar har yana ɗaci. Amma wadda nake so ta gani ba ta cikin masu taruwa, kuma wadda zan tozarta ita ce ta goye ni. Na ja baya taki uku, tsohuwar ta ce yawwa, Allah shi yi miki albarka. Na ɗauki jakata na fita, na bar curin a kan kujerar Inna.

Buhu bai sake zuwa ba. Ni kuwa tun daga ranar sabuluna bai taɓa tsinkewa ba, na yi wa gidana, na koya wa matan layinmu, kuma kowacce sai na sa ta ta ɗanɗana ruwan toka da harshenta ko tana kuka. Da Yaya muna gaisawa. Ina zuwa sunan jikokinta, tana zuwa na nawa, hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Mutane suna yabon zumuncinmu. Ba ta taɓa neman gafarata ba, ni ma ban taɓa cewa na yafe ba, kuma ba zan rubuta a nan cewa na yafe ba don a ce ni mutuniyar kirki ce.

Har yau ba ta faɗa wa kowa ba. In zuwana Argungu ya dace da ranar sabulu, a gindin darbejiya ake shimfiɗa mini tabarma, ita ce kuma take kawo mini furar.